Fulbert Mai Kunna Wa Ruwa Wuta

Tun yana saurayi Fulbert ke tuƙa kwalekwale a fadamar Poitou. A da shanu yake ƙetarwa zuwa kiwo, yanzu kuwa baƙi 'yan yawon buɗe ido. Yakan dama laka da gorar tuƙi, iskar gas ta taso, ya ƙyasta ashana, wuta ta tashi a kan ruwa, baƙi su yi ta shewa. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. Abu ɗaya ke ɗaure masa kai: me suke zuwa nema, ban da sauro da kwaɗi?

Rannan ya tambayi wata dattijuwa 'yar birni.

"Shiru na zo saurare, bawan Allah," in ji ta, "in za ka bari."

Fulbert ya tsuke baki don haushi, ya ajiye gorar. Can sai ya kasa kunne. Ashe shi ma bai taɓa jin shirun ba.