Kwalin da Alhaji Ya Ɗaga Sama

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Alhaji Sabo, wani babban ɗan kasuwa a nan unguwar PK5, ya kawo tsohuwar motarsa garejinmu. An sa mata sabon kulas, wato kan inji, ba na kamfani ba, irin mai ƙara wa mota ƙarfi. Saura kolekta, bututun da ake ɗaurawa a jikin kulas ya kwashe hayaƙi zuwa salansa. Ni ne babban makaniki, kuma tun can ni kaɗai ke taɓa motocin Alhaji.

A makon nan zazzaɓi ya kayar da ni. Mai garejin ya miƙa aikin ga Idi, wani yaro ɗan unguwar Miskine, wanda a hannuna ya koyi riƙon sifana.

Ku sababbin makanikai ku sani, in an canza kulas, sunan mota kaɗai ba ya isa a sayo kolekta. Bakin ramukan hayaƙi yakan bambanta, wani zagaye, wani mai kusurwa, mazaunin noti ma yakan gusa. Ka ɗaura wanda bai dace ba, hayaƙi ya riƙa tsirtowa, ko bututu ya tokare fulogi ya ƙona waya. Dabarata ita ce in shafa baƙin mai a fuskar kulas, in danna kwali a kai, in tafi kasuwa da shatin ina gwadawa. Idi ya sha ganina ina yi, kuma haka ya yi.

Ranar da na dawo, tun daga bakin titi na ji injin yana ruri lafiya lau. Ga Alhaji ya ɗaga kwalin sama yana nuna wa jama'a.

"Malam Haruna, ka ga basira? Idin nan kansa na ja!"

Idi ya sunkuyar da kai. "Alhaji, ai wurin Baba Haruna na koya."

"Kun ji ko? Ga ladabi kuma!"

Wallahi kishi ya kama ni har wuya. Da ma ƙarya ya yi, da na sami abin fushi.

Abin da na koya shi ne, mai mota hannun da ya tada masa inji yake tunawa, ba ya tambayar wa ya koyar. Har yau direban Alhaji yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Baba, Idi na nan?"