Farin Goro Da Jan Goro A Tafin Baba

Masu tambayata me ya sa nake juyo kunnen dama in ana min magana, yau ga amsarku. Na fi shekara talatin ina kauce wa zancen. Makon jiya na raka jikata mai asma asibiti, aka miƙa mata biro da takarda mai zanen fuskoki ta nuna yadda take ji, sai uwarta ta karɓe biron. Shi ya buɗe min baki.

Ina shekara tara a Jugu, zamanin juyin juya hali, ƙafata ta hagu ta fara ja. Lokacin kowace lakwal, wato makaranta, da gonarta, malaminmu ya ce fartanya nake gudu. Kullum da safe a jera mu a tambaya ko mun shirya wa juyin juya hali, mu amsa baki ɗaya mun shirya. Ni ma ina amsawa, a kan ƙafa ɗaya.

Sai zazzaɓin yamma, sai rama. An yi ƙaho, an sha jiƙo. Da ƙugu ya kumbura, Baba ya sa ni a mota zuwa Paraku, muka sauka gidan Gwaggo a unguwar Lajifarani.

Aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Tarin fuka ne, amma a ƙashi. Allura kullum, ƙwayoyi, kwanciya. In magani ya yanke a asibiti sai a saya a waje, huhun goro biyu suka tafi a watan farko.

Baba ɗan goro ne, jikan 'yan goro. Ni ce 'yar fari, don haka ba ya kiran sunana, ba ya min magana kai tsaye. Likita ya ce ya jikin, Baba ya ce da sauƙi, likita ya rubuta. Ran da Baba yake Jugu, Gwaggo ta ce da sauƙi.

Ba ƙarya suke yi ba. Kumburi ya sauka, na fara ƙiba. Kuma a gidanmu yaro ba ya sa baki gaban ubansa, mara lafiya ba ya cewa babu sauƙi, butulci ne.

Abin da ba wanda ya sani, kunnuwana sun fara ƙara kamar gyare ya shiga ciki. In na tashi zaune ɗaki ya juya. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka haka mutuwa take farawa, na ja bakina. Gwaggo ta kira ni sau uku ban amsa ba, ta ce jinya ta sangarta ni.

A wata na uku aka kawo sabuwar likita, 'yar kudu, Hausarta guntu-guntu. Ta dubi Baba, ta kira shi da sunan da ake kiran kowa a zamanin, ta ce, "Kamarad, jira waje." Mutumin da duk kasuwar Jugu ke durƙusa wa ya kwashi rigarsa ya fita.

Ba ta ce ya jiki ba. Cewa ta yi, "Me kike yi da, yanzu kin daina?"

Na ce carafke, don duwatsun suna rawa a idona. Na ce kuma ladanin unguwar Gwaggo ya daina kiran salla.

Ta ajiye biro. Ta zagaya bayana, na ji iskar bakinta a wuyana, ban ji abin da ta ce ba. Ran nan aka tsayar da allurar aka sauya magani, allurar ce take cin kunnen. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama, in ji ta, za a iya tsira da shi in ana jin yadda nake kullum, daga bakina ba na wani ba.

Baba bai iya tambayata ba. Washegari ya shigo da goro biyu a tafinsa, ya miƙo yana kallon bango, ya ce wa Gwaggo, "Gaya wa yarinyar nan, fari sauƙi, ja babu."

Na ɗauki ja. Ya je ya gaya wa likita, ita kuma ta zo ta bi ni da tambaya.

Baba ya bar wa ƙanensa rumfar goro ya tare a Paraku. Na daɗe ina ɗaukar ja kafin ran da na ɗauki fari. Ya fasa shi ya ba Gwaggo rabi.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka sallame ni, da ɗan ɗingishi da kunne ɗaya. Da shi na yi karatu, da shi na ji kukan 'ya'yana. Na gode wa Allah. Allah ya ji ƙan Baba da Gwaggo, ya saka wa likitar nan da ban ma riƙe sunanta ba.

Iyayen yara masu doguwar jinya, ku bar yaro ya amsa. In yana kunya ku fita. Ku tambaye shi me ya daina yi, barci, wasa, ci, makaranta, ku kai wa likita yadda ya faɗa.

Biron nan na makon jiya kuwa, na karɓe shi na mayar wa jikata. Ta zagaye fuskar mai kuka. Uwarta ta fara cewa ai da sauƙi, na juya mata kunnen hagu.