Rigar Nutson Abdulwasi'u

Idan Abdulwasi'u ya gaya wa baƙo cewa sana'arsa nutso, baƙon yakan dube shi, ya dubi duwatsun Makka, sannan ya tambaye shi ina ruwan yake. Ruwan kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Manyan otal-otal suna da tankuna masu faɗin tsakar gida, akwai kuma rijiyoyin famfo inda ƙazantar gari take taruwa kafin a tura ta waje. In wani abu ya toshe a can ƙasa, mutum ne yake sauka ya lalubo shi da hannu. Abdulwasi'u na cikin masu saukar.

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife shi, jikan wani Bakano ne da ya zo Hajji bai koma ba. Daga baya suka tashi zuwa unguwar Utaibiyya shi da mahaifiyarsa Larai, kuma gidan da ke manne da nasu na Hajiya Rahama ne, uwar wani yaro mai suna Rakan. Tare yaran suka girma, kwano ɗaya suke ci a duk gidan da aka riga sauke tukunya. Da suka zama samari tare suka koyi nutso a tekun Jidda. Rakan mai baki ne, Larabci kamar ruwa, Hausa kuwa yana ji sarai amma ba ya son mayarwa. Shi ya buɗe shagon kayan nutso a Jidda. Abdulwasi'u, dogo mai shiru, ya kama aiki da wani ƙaramin kamfani a Makka.

A teku mutum yana iya shiga da rigar da ruwa ke ratsawa. A rijiyar ƙazanta ba a yin haka. Sai busasshiyar riga, wadda masu aikin suke ce wa badla: a rufe take daga tafin ƙafa har wuya, da roba mai kama wuya tam don ko ɗigo kada ya shiga. A kamfanin su Abdulwasi'u kowa da tasa yake zuwa, tasa kuma ta tsufa, faci ya hau kan faci.

Bai yi gaggawa ba. Ya tambayi abokan aiki, ya taɓa rigunansu, ya ja zif ɗin kowace. Matarsa Tahani ta riƙa karanta masa abin da masu saye suke faɗa a waya. Akwai wata mai araha, amma zif ɗinta ya cika cijewa. Akwai wadda ake ɗinka wa mutum daidai awonsa a ƙasar waje, kowa yana yabon masu ita, wai in ka kira su suna ɗauka, sai dai akwai jira. Ita zuciyarsa ta kwanta da ita, domin tsayinsa bai taɓa barin rigar kanti ta zauna masa daidai ba. Ta ƙarshe ita ce wadda Rakan yake wakilcin kamfaninta.

Da ya je Jidda ya faɗa wa Rakan abin da ya zaɓa, sai Rakan ya dafe ƙirji.

"Ya Abu Manar," ya ce, da sunan 'yarsa yake kiransa, "ina nan da raina za ka kai awonka wurin wanda bai san fuskarka ba? In tasu ta lalace wa za ka kama? Tawa kuwa ga ni, ga shagona, ga gidan uwata a jikin naku."

Abdulwasi'u ya gwada rigar shagon. Ƙafafun sun yi, amma da ya sunkuya sai ya ji tana jan sa a kafaɗa. Robar wuyan kuma ta shaƙe shi har jijiyoyinsa suka tashi.

"Ta yi mini gajarta, ya akhi."

"Sabuwa ce, za ta saki. Wuyan kuma abu ne mai sauƙi."

Rakan ya ɗauko almakashi daga aljihun tebur, ya ɗora robar a kan kwalbar ruwa, ya zagaye ta da yanka yana ba da labarin wani kifi. Abdulwasi'u ya ga hannun ya ɗan goce a wuri ɗaya. Ya yi magana, Rakan ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce wannan ba komai ba ne. Abdulwasi'u ya naɗe rigar ya kamo hanyar Makka.

Ana gab da Hajji aiki ya yi yawa. Wata safiya aka kira su wata rijiyar famfo a bayan unguwar Misfala, tsummoki sun naɗe injin. Ya sauka cikin duhu, ya sunkuya sosai don ya kai hannu ƙarƙashin famfon. Rigar ta ja daga baya, sai ya ji wani abu mai ɗumi ya gangara daga wuyansa zuwa ƙirji. Robar ta tsage daga inda almakashin ya goce. Kafin a jawo shi sama, ƙazanta ta cika rigar har ƙugu.

Abokan aikinsa suka wanke shi da tiyo a tsaye. Duk da haka zazzaɓi ya kama shi, fatarsa ta yi ƙuraje ta saluɓe, aka kwantar da shi a asibiti. Aikin Hajjin gaba ɗaya ya wuce shi yana kwance. Abin da ya fi ciwon damunsa shi ne yadda ya riƙa jin kansa ba shi da tsarki, komai yawan wankan da ya yi.

Rakan ya zo dubiya da kwalin dabino, ya rantse kamfanin zai ba da sabuwa. Ya ce wakilinsu na yankin yana tafe, a kawo rigar ya gani da idonsa.

Ranar da wakilin ya zo, Abdulwasi'u ya shiga shagon da rigar a leda, fatarsa duk tabo. Wakilin wani Balarabe ne mai ladabi. Ya juya robar, ya kai ta kusa da fitila, ya ce da Larabci, "Wannan an yanka ta da almakashi. Ƙa'idarmu ba a yanka a shago, sai a aiko mana. Wa ya yanka?"

Rakan bai ko numfasa ba. "A cike na ba shi ita. Ƙila a gida ya rage."

Abdulwasi'u ya juya ya dube shi, yana zaton bai ji daidai ba. Sai Rakan ya matso, ya sassauta murya, ya yi masa Hausa, Hausar da ya yi shekaru bai yi masa ba.

"Ɗan uwa, rufa mini asiri. In ya san ni ne, zai karɓe wakilcin. Don darajar Inna Larai. Wallahi ni zan saya maka wata."

Wakilin yana tsaye yana jiran amsa, bai fahimci ko kalma ɗaya ta Hausar ba. Abdulwasi'u ya tuna Hajiya Rahama, wadda shagon nan ne yake riƙe da ita. Sai ya bar laifin a kansa. Wakilin ya ce ya yi haƙuri, laifin ba nasu ba ne, ya ƙara da nasiha cewa mai irin wannan aiki bai kamata ya riƙa wasa da kayansa ba. Abdulwasi'u ya ce na'am.

Rigar da aka yi alkawari ba ta zo ba. Da farko Rakan yakan ce kaya suna hanya. Daga baya sai wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka. In ya zo gaida uwarsa, sai ya ajiye mota a wani layin ya shigo ta baya. A wurin aiki kuma labari ya bazu cewa Abdulwasi'u ne ya yanka rigarsa da kansa, har mai kamfanin ya daina tura shi rijiyoyi masu zurfi na wani lokaci.

Tahani ta so ta shiga gidan Hajiya Rahama ta fasa maganar, ya hana ta. Ya je wurin wani tela a Misfala ya auna shi daga wuya har idon sawu, telan yana mamakin wace irin riga ce ake auna wa har kaurin wuyan hannu. Ya aika wa masu ɗinkin nan na ƙasar waje. Suka kira shi da kansu, suka ce awon bayansa ya yi musu tsawo, ya sake dubawa. Ya sake, haka yake. Da rigar ta iso ta zauna masa kamar a jikinsa aka yanka ta, ya koma ruwa.

Sun haɗu da Rakan a jana'izar wani dattijon unguwa. Bayan an watse Rakan ya rungume shi a gaban mutane, yana ƙamshin turare, ya ce da Larabci, "Ka ɓuya, ya Abu Manar! Ka leƙo shago, sababbin kaya sun zo."

Abdulwasi'u ya zame jikinsa a hankali. "Allah ya ba da kasuwa," ya ce, ya wuce wurin motarsa.

Har yau iyayensu mata biyu suna aika wa juna abinci ta kan katanga. Larai takan tambayi ɗanta me ya sa Rakan ba ya shigowa, ya ce mata hidimar shago ce ta yi masa yawa.