Takardun Shefali Apa a Ƙarƙashin Dutsen Niƙa

Wanda ya ba mu aron Shefali Khatun Pramanik ya karɓi abinsa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Srabon na kalandarmu, jim kaɗan bayan azahar, ana sheƙa ruwan sama a garinmu Pabna. Ina kicin ina tsane shinkafa ƙaninta Sohrab ya bugo waya. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Parul, Apa ta tafi." Apa muke ce mata duk garin nan, wato babbar yaya, har da waɗanda suka girme ta. Na dire tukunyar, na laluba na dafa bango. Hawaye sai daga baya suka zo. Abin da ya fara kama ni tsoro ne, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai sake ni ba.

Apa, bari in yi magana da ke kai tsaye, don ba ki taɓa yarda a yi zancenki kamar ba kya wurin ba. Sau nawa mai shago zai dubi wanda ya rako ki ya ce, "Me take so?" ke kuma ki amsa, "So take ka tambaye ta, ɗan nan, kunnenta lafiya lau."

Agana ce ta tafi da idanunki kina 'yar shekara shida. A wancan zamani yarinya irinki ɗakin baya ake kai ta, in baƙi sun zo a ce ta yi shiru har su tafi. Mahaifiyarki ta ƙi, ta yi ta fama da dangi har aka kai ki makarantar makafi a Dhaka. Kika dawo da allon ƙarfe mai ramuka da 'yar basilla, kina huda takarda ɗigo-ɗigo, kina karantawa da yatsa. Littafinki na farko labarin ɗakin bayan nan ne. A na biyu kika shiga kwale-kwale kika bi ƙauyukan bakin kogi kina neman matan da aka ɓoye, gurguwa mai saƙar tabarma, da kurma da aka aurar ba a tambaye ta ba, da tsohuwar da kuturta ta cinye wa yatsu amma ta fi kowa iya zagi. Kika rubuta rayuwarsu yadda suka faɗe ta. Masu neman abin da za su yi wa kuka sun sha kunya, don littafin cike yake da faɗa da dariya da gulmar surukai.

Takardar rubutun makafi tsada gare ta, ga wuyar samu a nan. Shi ya sa kowace sabuwar shekara kike aike gida-gida a tattaro miki tsofaffin kalandu da bangon mujallu, masu kauri, ki yanka su daidai allo. Wanda ya shiga ɗakinki hotunan furanni da tallan sabulu kawai zai gani jibge a kan katako. Sai ya shafa zai ji akwai magana a jikinsu.

Ni a shagona na buga takardu da ke bakin kotu kika same ni. Kika zo da littafin na biyu a cikin jakar buhu, kina karantawa da yatsa ina bugawa. In kin gaji nakan ɗauki shafi in karkata shi ga haske in yi ta kallon inuwar ɗigon, har na soma ganewa da ido. Kika ji na karanta layi guda daidai, kika ce, "Ɓarauniya! Da ido kike satar mini rubutu?" Daga ranar kika shiga koya mini, har da gajerce-gajercen da kika ƙirƙiro wa kanki don tsimin takarda, waɗanda babu su a kowace makaranta. Ɗigo biyu a wurinki na iya zama kalma sukutum.

Ba mu san cewa abin zai zo kaina ba. Na fara da tuntuɓe da magariba, sai karo da ƙofa, sai na ga mutum na tsaye a gefena ban san da shi ba. Likita a Rajshahi ya haska idona ya daɗe, sannan ya ce ciwon daga gefe yake ci yana matsowa tsakiya, kuma babu maganin da zai tsayar da shi. Daga tashar mota gidanki na nufa, ko gida ban biya ba. Na faɗa jikinki ina kuka. Ba ki ce mini kada in ji tsoro ba. Kika bar ni na yi mai isata, sannan kika ce, "Tsoron nan naki ne, ba mai ƙwace miki shi. Amma ni shayi nake so. Tashi ki zuba, ki rufe ido." Kika kama yatsana kika ɗora a bakin kofi, kika ce in ya ji zafi in tsaya. Na ƙone, na zubar da rabi a tabarma. Kika ce, "Madalla. Ni ranar farko a cinyar malamina na zuba."

Ranar ce kika faɗa mini abin da ban taɓa zato ba. Kika ce ke ba ki san abin da nake ji ba. Kin rasa ido tun ba ki san amfaninsa ba, ni kuwa zan rasa nawa ina da shekara arba'in, da miji da 'ya da sana'a. Kika ce, "Ban sani ba, amma zan tambayo miki." Haka kika sake ɗaukar sanda, ga tsufa ga ciwon gwiwa, kika bi waɗanda makanta ta same su da girmansu: direba, tela, ungozoma, malamin lissafi. Yaya shekarar farko take? Yaushe mutum ke daina jiran gari ya waye? Me ake yi da fuskar 'ya'ya in ta fara ɓacewa a zuciya? Wasu daga cikinsu sun riga ki rasuwa. Wannan shi ne littafinki na uku. Na yi ta naci ki karanta mini ko shafi ɗaya, kika ce sai kin gama. A watan da ya wuce kika bugo waya kika ce kin gama, in ruwa ya tsagaita in zo mu fara bugawa.

A kan wannan littafi na jingina duk sauran ƙarfin halina. In dare ya yi mini tsawo, in na farka na kasa gane ko idona a buɗe yake, nakan ce wa kaina akwai waɗanda suka bi hanyar nan, kuma Apa ta rubuto mini yadda suka bi.

Ranar kulkhani, da aka taru yi miki addu'a, na shiga ɗakinki na tarar an share shi tas, an shimfiɗa tabarmi mata sun zazzauna. Na juya kaina a hankali, don yanzu ganina kamar na mai leƙe ta kafar makulli ne, sai na bi ɗaki kusurwa-kusurwa. Katakon nan babu komai a kansa. Na kamo hannun Hasna, matar Sohrab, wadda nake ce wa Bhabi, wato matar ɗan'uwa, na ce, "Bhabi, ina takardun Apa?"

Ta ce, "Littattafanta? Suna cikin kabad, na goge su da kaina."

"Ba bugaggun ba. Kalandun."

"Au, wannan tarkacen? Na ba Amiron Khala sadaka, ladan ya kai wa Apa. Kin san baiwar Allah da ƙunshin takarda take ci."

Ban ga laifin Hasna ba, kuma ina roƙon kada wanda ya karanta wannan ya gani. Kayan mamaci sadaka ake yi da su, haka muka taso muka gani. Ta ba da zannuwanki, ta ba da takalmanki, ta dubi tsofaffin kalandu ta tuna da Amiron, tsohuwar da muke ce wa Khala, wato inna, wadda ke liƙa ƙunshin da masu gyaɗa da guggurun shinkafa ke zuba wa mutane. Shekara da shekaru tana dafa miki abinci tana wanke miki kai, amma ba ta taɓa ɗora yatsa a kan shafinki ba, mu ma ba mu taɓa ce mata ta ɗora ba.

Na fita cikin ruwa ba lema, na tari riksha, keken ɗaukar fasinja. Duk mai gyaɗar da muka wuce sai gabana ya faɗi, ina ganin kamar maganar ungozomar nan ce a hannun wani zai murƙushe ya jefa kwata. Na sami Amiron a rumfarta da kwanon kullun liƙi a gabanta. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan, ko ɗaya ban liƙa ba. Takardar ce duk ƙuraje, ba ta kama liƙi. Sai na yayyafa mata ruwa na danne ta ta miƙe." Ta nuna mini kusurwa. Ga littafinki can, Apa, a jere tsaf, an ɗora masa dutsen niƙa.

Da na yi mata bayani ta ɗora hannu a ka. Ita ta taya ni ɗaga dutsen, tana ta cewa, "Wayyo, magana na danne? Maganar mamaciya?"

Na kai wa Anisur Mastar, makahon malamin da ya fi kowa saurin yatsa a gundumar nan. Ya shafa shafi, ya shafa wani, ya sake komawa na farko. Ya ce, "Parul, wannan sumul yake kamar tafin hannu. Yatsa ba shi da abin kamawa." Wata malama mai ido da ta san rubutun ta gwada, ta tsinci harafi nan harafi can, amma da ta iso gajerce-gajercenki sai ta ajiye, ta ce wannan yaren mutum ɗaya ne.

Da rana ta ɗan leƙo washegari na hau rufin gidanmu da shafi guda, ba don ina sa rai ba. Na karkata shi yadda nake yi a shago. Sai ga su. Tudun ɗigon ya kwanta, amma duk inda basillarki ta shiga ta bar ɗan tabo, kuma in hasken safiya ya zo a kaikaice tabon yakan yi 'yar inuwa a tsakanin furanni da tallan sabulu. Kafar makullin da ta rage mini daidai take da kalma ɗaya. Na karanta layi, na karanta na biyu, na ji muryar telan nan yana ba da labarin ranar da ya kasa zura zare. Na zauna a ƙasa, don na gane inda aka tsaya. Yatsan makaho ba zai karanta shi ba, masu ido ba su san hannunki ba. Saura ni, da ɗan abin da ya rage a idona.

Fitila ba ta yi, na gwada. Sai rana, ita ma ta safe ko ta la'asar, ga shi muna tsakiyar damina, wani lokaci a yi kwanaki ba a gan ta ba. Likita kuwa tun farko abin da ya hana ni ke nan, ƙura wa abu mai sheƙi ido a cikin rana. In na sauko daga rufi sai in ga duniya fari fat, hawaye na zuba, kaina kamar zai tsage. Maigidana Habibur ya kasa haƙuri. Ya ce, "Maman Tuli, ɗan idon da ya rage miki za ki ƙone a kan kalanda? Bikin 'yarki fa bayan damina ne. Ba kya son ki gan ta a kayan amarci?" Na ce ina so. Wallahi ina so. Ya yi kwana biyu ba ya mini magana, a na uku na ji shi yana hawa da tabarma da kujera. Yanzu ni ke karantawa, shi ke rubutawa, yana mita.

Mun ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya rage, in na dafa shi, kaurinsa ya fi tsawon yatsana.

Jiya da safe muka hau kamar kullum. Na riƙe shafi ina jiran hadari ya janye, ina ta ƙorafi a kan wannan damina da ba ta da tausayi. Na ce, "Baban Tuli, yau ma ba za ta fito ba ke nan?" Na sake tambaya. Sai na ji ya ajiye biro a hankali, ya ce, "Maman Tuli, rana ta fito tun ɗazu."

Sai a lokacin na ji zafinta a bayan wuyana. Ban yi ihu ba, na dai damƙe hannunsa har sai da ya ce in sassauta. Can zuwa hantsi hazon ya ɗan yaye, ganin ya dawo, amma ya fi na shekaranjiya ƙanƙanta. Na ɗauki shafin muka ci gaba. Apa, ina jin tsoro. Ina tsoron duhun, ina kuma tsoron ya riske ni a tsakiyar maganar wani bawan Allah da ya riga ya mutu, wanda ba za a sake tambayarsa ba.

Allah ya jiƙanki, Shefali Apa, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki ya cika shi da haske. Ya sa duk ƙofar ɗakin baya da kika ƙwanƙwasa ta zama shaida a gare ki ranar da ba mai shaida sai aiki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sohrab da Hasna da 'ya'yansu, da Anisur Mastar da ɗalibansa, da matan ƙauyukan bakin kogi waɗanda har yau wasunsu ba su ji labari ba. Hasna Bhabi, ki daina kuka, sadakarki Allah ya karɓa.

Ku kuma da kuka karanta, in kun gama yi mata addu'a ku ɗan ƙara da tawa. Na daina roƙon warkewa. Ku roƙa mini Allah ya ba mu safiya mai rana, ya kuma bar mini idon nan har in kai shafin ƙarshe.