Majigin Baba Masrani

Ranar Talata, tara ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Baba Masrani mai majigi a garinmu Muara Tabun, bakin kogin Mahakam. Baba, sahu ɗaya bai cika a kanka ba. Waɗanda suka ci katakon garin nan suka goge baki, ko waya ba su bugo ba.

Kai ka kawo mana fina-finan kaboyi a kwalekwale, kana kafa farin zane tsakanin itatuwa biyu. A rubutun ƙasan hoton na koyi karatu, ba malami ba bulala. Akwai wanda muka fi so: garin masu saran itace, da wani ɗan caca da ya sauko daga jirgin ruwa. Kullum idan daji ya ƙare, jirgi ya yi ƙugi, sai ka kashe inji ka ce ruwa ya ci ƙarshen fim ɗin. Sannan ka ƙarasa mana da baki: ɗan caca ya watsa kartarsa a kogi, ya zauna, ya dasa itace.

Bara na samo fim ɗin a waya. Na same ka kana shan kofi.

"Tsoho, ashe ƙarya ka yi ta shara mana? Mutumin nan jirgi ya hau ya yi gaba."

"Na sani, sarkin baki. Ni na sa almakashi na yanke."

"Don me?"

"Kamfani ya kwashe daji, samari na bin jirgi. Ni ma sai in haska musu hanya?"

"To ai duk sun tafi."

Ka kurɓi kofi ka ce, "Kai fa?"

Ni ma jakata a ɗaure take tun lokacin. Yayana ya samo mini aiki a birnin Samarinda, na ce ba zan tafi ba sai ka ji sauƙin ciwon da ke damunka.

Jiya jirgin Laraba ya tsaya ya yi ƙugi. Ina maƙabarta ina tare ƙasar kabarinka da duwatsu, don kogi na cin gefen. Jirgin ya gaji ya wuce.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Inna Norhayah, da 'yarku Salasiah, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Zanen yana wurina. Ranar Asabar zan kafa shi, ko mutum nawa suka zo, kuma inda kake kashe inji zan kashe.