Baba Onarabul, Wanda Soja Ba Su Nema

Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Baba Onarabul a unguwar Lozells ta Birmingham ya san ba a amsa sallama a gidan nan sai an gama bincike. Za ka ji taku a hankali, sai ramin jefa wasiƙa ya ɗaga, idanu biyu su ƙare maka kallo daga ƙugu zuwa takalmi, don iyakar abin da ramin ke nunawa ke nan. Sannan murya ta fito: "Wa ya aiko ka?" Mai kawo wasiƙa ya sha wannan tambaya, limamin unguwa ya sha ta, har Hajiya Ladi matarsa ta sha ta ran da ta manta makulli. Ita dai cewa ta yi, "Iyayena suka aiko ni, Alhaji, kai ka je ka roƙe su. Buɗe min, kifi na narkewa!"

Ga waɗanda suka zo ƙasar nan kwanan nan, sunansa Alhaji Bawa. Ɗan majalisar wakilai ne a Jamhuriya ta Biyu, lokacin da majalisa ke zama a Legas, kuma wa'adi ɗaya ya yi. Ya zo Ingila duba ido sai soja suka karɓe mulki, shi kuwa ya zauna. Ya ce sunansa na cikin jerin waɗanda ake nema, ran da ya sauka a filin jirgi ran nan za a yi awon gaba da shi. Shekara arba'in yana faɗar haka. Gwamnatoci sun zo sun tafi, waɗanda aka tsare an sake su, wasu har sun sake tsayawa zaɓe, amma Baba yana nan kan bakansa.

Ni Nura, karatun digirin digirgir ya kawo ni Manchester, kuma kan wannan majalisar tasu nake rubutu: su wa suka zauna a ciki, me suka yi a shekara huɗun nan. Da aka ce min akwai ɗaya daga cikinsu da ransa a Birmingham, ko karyawa ban yi ba na kama mota. Bayan na ci jarrabawar ƙofa, na zauna na ciro wayata zan naɗi hira, sai ya zabura kamar na ciro maciji.

"Ladi! Kawo tukunya!"

Hajiya ta kawo tukunyar miya wankakkiya ba tare da ta tambayi dalili ba, ya saka wayata a ciki, ya rufe da murfi, ya ɗora turmi a kai.

"Baba, daga uni nake fa, research kawai nake yi. Ga letter daga supervisor ɗina."

"Haka su ma suke cewa," in ji shi. Ya ɗaga takardar a hasken taga ya duba gaba da baya, har ya shinshina ta. "Scholarship wa ya ba ka?"

"Gwamnati."

"Ladi, kin ji ko? Da bakinsa ya faɗa!"

Tun daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba, sai dai Yaron Gwamnati. Ni ma fa ban yarda da shi ba, gaskiya ɗaya ce. A hanyar komawa na ce a raina wannan tsoho ko ƙofar majalisa bai taɓa gani ba, masinja ne ya samu babbar riga.

Amma da ya saki jiki kaɗan, kai! Mutumin nan majalisar tana nan a kansa ɗungurungum. Sai ya zube ƙwallayen dabino a kan tebur ya jera maka zauren, ga kujerar kakaki, ga 'yan gwamnati, ga 'yan adawa, ga inda fanka ba ta aiki. Ya san wanda ke barci bayan azahar, ya san wanda ya karanta kasafin kuɗi shafi-shafi ya gano an rubuta asibiti ɗaya sau biyu. Shi a kwamitin ayyuka ya zauna, masu duba hanyoyi. Matsalar ɗaya ce, ba ya kama suna.

"Ran da aka yi muhawarar albashin ma'aikata, Mai Tari ne ya fara tashi, sai Jar Hula ya katse shi, sai Ba-Ka-Dariya ya goyi bayan Mai Tari."

"Baba, wane ne Mai Tari?"

"Kai da gwamnati ta aiko, ba a ba ka list ba?"

Haka na kai wa malamata babi guda cike da Mai Tari da Jar Hula. Baturiyar nan ta zare tabarau ta dube ni ta ce, tarihi nake rubutawa ko tatsuniya? Na kusa kuka a bas ɗin Oxford Road.

Waɗanda suka halarci taron ƙungiyarmu ta Hausawan Ingila a zauren nan na unguwar Ladywood ba za su manta ba. Magana ce ƙarama: walimar Sallah a Birmingham za a yi ko a Manchester. Dakta Sani shugabanmu ya ce masu son Manchester su ce eh, ɗalibai suka kwarara ihu, ya ce shi ke nan Manchester ta ci. Sai sandar Baba ta daki ƙasa.

"Point of order! Murya ba ƙuri'a ba ce. Na zauna da wani a majalisa, shi kaɗai in ya ce eh sai ka rantse jiha guda ce ta yi magana. Kuma waɗannan yara minibus biyu, wa ya kwaso su? A raba zaure!"

Dole aka raba, 'yan Manchester dama, 'yan Birmingham hagu. Ya sa aka kulle ƙofa kada wani ya shigo daga bayi ya ɓata lissafi, ya ƙirga da kansa sau biyu. Aka yi kunnen doki. Sai aka waiwaya, ga mutum ɗaya tal a tsakiya zaune kan kujerarsa.

"Baba, kai ka rage. Ina ka nufa?"

"Ni? In tashi a ga ɓangarena? Ba ku ga wancan yana ɗaukar hoto ba?"

A shekarar walima biyu aka yi, kuma duka biyun ya je, wai don ya ga su wa suka je.

To, mu dariya muke yi, amma a gidansa abin ba na dariya ba ne. Yana da yaya mace a garinsu, Kwarin Dinya, Gwaggo Asabe, ita ta goye shi. Duk Juma'a sai ya kira ta, amma hirar ba ta wuce gaisuwa. "Yaya, lafiya? Ya yara? To madalla, ajiye, ana ji." In ta fara cewa, "Bawa, garin nan fa ya canja," sai ya daka tsawa: "Kada ki kama sunan wuri!" Mutumin garinsu kuwa in ya zo Ingila, Baba ba zai yarda su haɗu ba ko a masallaci.

Da zan tafi gida binciken takardu, Hauwa 'yarsa, wadda aka haifa a nan take aikin jinya, ta tare ni a bakin ƙofa. "Yaya Nura, please, ka duba mana. Gwaggo is so old now, kullum tana cewa tana so ta ga Dad kafin ta mutu. In babu sunansa a list ɗin nan, just tell him. Wataƙila zai ji maganarka."

Na duba kuwa. Wata uku ina shaƙar ƙurar tsofaffin jaridu da kundin zaman majalisa. Abu na farko da na gano shi ne na zalunci tsohon nan, ga sunansa ɓaro-ɓaro cikin 'yan majalisa, har da kwamitinsa. Abu na biyu, babu sunansa a ko'ina cikin waɗanda aka nema ko aka tsare. Har wani tsohon jami'in zamanin na samu, na tambaye shi, ya ce, "Bawa wa?" Kafin na dawo na biya Kwarin Dinya na kai wa Gwaggo saƙon Hauwa. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, wai hannun da ya gaisa da Bawa ne.

Na dawo da murnata, na zaci albishir na kawo. Na zube takardu na ce, "Baba, babu mai nemanka. Ba a taɓa nemanka ba."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni? Shekara huɗu a kwamitin ayyuka, a ce ba a nema na? An nemi Mai Tari, mutumin da ko ƙuduri ɗaya bai kawo ba, ni a ce Bawa wa?" Sai ya rage murya. "Ko kuwa dabara ce. A cire sunana daga takarda, in saki jiki in shiga jirgi. Me suka yi maka alkawari, minista?"

Ya kore ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rantse ba zan sake taka Lozells ba, Hauwa kuma ta bi ni har titi tana kuka.

Bayan mako uku, wata Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan hayarmu a unguwar Fallowfield ta Manchester. Na buɗe, sai ga Baba da babbar riga da lema, shi kaɗai, mutumin da ko wurin likitan unguwa ba ya zuwa sai da rakiya. Ya leƙa kicin, ya leƙa bayan labule, ya tambayi ɗan Sin ɗin da muke haya tare abin da yake karantawa. Sannan ya zauna kan kujera ɗayar da nake da ita, ya daɗe yana juya lema.

"Na san ba a nema na," ya ce. "Na daɗe da sani."

Sai ya jingine lemar ya ci gaba.

"Akwai kogi tsakanin garinmu da kasuwa. Duk damina sai ya ci mutum, ya ci ƙanwarmu ma. Ran da na nemi ƙuri'a na tsaya a bakin kasuwa na ce, in ban kawo muku gada ba, kada ku ƙara ganin fuskata. Da Alƙur'ani a hannuna na faɗa. Na rubuta ƙuduri, kwamiti ya amince, aka sa shi a jadawali. Yau a ɗage, gobe a tafi hutu, jibi a ce akwai abin gaggawa, har wa'adinmu ya ƙare ba a kira shi ba. To da wane ido zan dube su? Tsoron soja ya fi sauƙin faɗa." Ko Hajiya ba ta san wannan ba, don ita 'yar Zariya ce, ba ta wurin ran da ya rantse.

Sai wani abu ya faɗo min. Na ce, "Baba, wane kogi? Na bakin kasuwa? Ai a mota na haye shi."

"Da rani ka je."

"A kan gada na haye, Baba!"

Na lalubo hoton da na ɗauka da jikokin Gwaggo, ga gadar nan a bayanmu, har da mai kabu-kabu a kai. Ya matso da hoton kusa da hanci, ya nisanta shi, ya miƙo min.

"Kwamfuta ce ta yi. Yanzu har gawa suna sa ta rawa."

"To kira Gwaggo."

Ya ciro wayarsa, ya mayar da ita aljihu. Sannan ya ce in kira a wayata, tasa an san lambarta. Gwaggo ta ɗauka, ya karɓi wayar ya ce, "Yaya, ni ne. Wai an yi gada a Kwarin Dinya?"

Har daga inda nake tsaye na ji salatinta. "Gada? Bawa, ai har ta tsufa, sau biyu ana yi mata gyara! Sau nawa na ɗauko maganar kana cewa in ajiye?"

Baba ya sauke wayar kan gwiwa. Hawaye ya bi ta gemunsa, ni ma na juya na fuskanci bango. Can sai ya fyace hanci, ya gyara hula, ya ɗaga yatsa.

"Ƙudurina ne. Sun dai yi latti, amma file ɗina suka ɗauko. Rubuta wannan a littafinka, Yaron Gwamnati, kuma ka sa cikakken sunana."

Bayan ƙaramar Sallah Hauwa ta kai shi gida. Ina ɗakin karatu ta turo min bidiyo. Mota ta tsaya a bakin gadar, Baba ya ce ba zai haye ba sai ya duba. Ya sauka ya buga ta da sanda, ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza ƙarfen gefe, yana cewa tasa da ya tsara ta fi wannan faɗi. A ɗaya bakin kuwa an zaunar da Gwaggo Asabe kan kujerar roba, ta kare ido da hannu tana hange. Da ya gan ta sai ya bar binciken. Ya miƙa wa Hauwa sandar, ya tattare riga, ya nufe ta da wani sauri da ban taɓa sanin yana da shi ba. Daga nan hoton ya karkace, don mai ɗaukar ta kasa riƙe wayar.

Wata bakwai ya yi tare da yayarsa, kullum suna hira har a gaji, da sunan kowa da sunan ko'ina. A can ya rasu, a can aka binne shi kusa da iyayensa.

Allah ya jiƙan Baba Bawa, ya yafe masa, ya karɓi kunyar nan da ya ɗauka shi kaɗai a matsayin cika alkawari. Allah ya ba Gwaggo da Hajiya da Hauwa haƙuri. Ran da za a haye siraɗi, Allah ya sa ya wuce da sauri irin na ranar nan, ya tarar da nasa suna jiransa. Amin.