Hular Alhaji a Kan Dala

Ranar da sojoji suka miƙa mulki ina aji uku, kuma tun safe rediyon Babanmu ke ta cewa yau farar hula za ta karɓi ƙasa. Babanmu wankin hula yake yi a zaurenmu na Gwammaja, ni kuwa aikina jera su a rana. Cikinsu akwai wata fara sol ta Alhaji maƙwabcinmu, wadda zai sa da la'asar a walimar saukar ɗansa. Ni da wautata na ɗauka duk mai farar hula za a yaga masa nasa rabon mulkin. Kakata kuma ta sha gaya mana cewa a zamanin da, wanda ya riƙe kan Dala shi ya riƙe Kano, don daga can ake hango mahara tun ba su iso badala ba. Na haɗa biyun, na kifa hular Alhaji har kunne, sai dutse.

Na hau ina haki, jar ƙasa na zamewa a ƙafata. A sama fili ne shimfiɗe, ga Goron Dutse can, ga rumfunan Kurmi, ga badala ta zagaye gari, wani wurin ta zube. Na tsaya ƙiƙam ina jiran mulki, ba wanda ya zo sai awaki. Iska kuwa ta fizge hular, ta gangara cikin taɓon ruwan jiya. Na tsamo ta ta yi jawur, na kai wa Babanmu, shi da bai taɓa ɓata kayan kowa ba.

Bai dake ni ba. Ya wanke ta sau uku, jan bai fita duka ba, ga la'asar ta kawo jiki. Sai ya ce in kai da hannuna, in faɗi gaskiya. Na durƙusa gaban Alhaji na zayyane komai ina kuka. Ya yi dariya har da hawaye, ya kifa ta a kansa da danshinta ya ce, "Tashi, ranka ya daɗe. Hular da ta hau Dala ai ta fi sabuwa."

Yanzu gidaje sun shaƙe gindin dutsen, zauren ya zama shago, gwiwoyina ma ba sa son hawa. Na ga mulki iri-iri tun daga lokacin, amma ban sake ganin hukunci mai daɗin wannan ba.